Ƙananan kaya na mutunci: amsa ga sabon ma'aikacin da aka gayyata cin abincin dare

Tambaya: Na samu aiki a Abuja, a wurin da kusan rabin abokan aikina baƙi ne daga ƙasashen waje. An gayyace mu cin abincin dare a wani gidan abinci, aka ce ba a buƙatar kwat da laktaye, amma kada a zo kara-zube. Ni kuwa tun tasowata kaftani da hula na sani, ƙananan kayana ba su wuce rigunan ƙwallo da jins ɗaya ba. Me zan sa ranar, kuma me ya kamata in fara saya?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa wa aikin albarka. Kafin mu shiga kasuwa bari in cire maka wata fargaba: kaftaninka ma ya isa zuwa wurin nan. In ka sa yadi mai laushi marar ƙyalli, ɗinkin da ba a cika masa aiki a wuya ba, da kube ko zanna da ta sha wanki, babu wanda zai ce ka saɓa ƙa'ida. Abin da zai yi yawa shi ne babbar riga, ko shadda mai maiƙo da ta sha bugu, domin wannan shigar ɗaurin aure ce. To amma a kan ƙananan kaya ka yi tambaya, kuma gara ka iya su tun yanzu, don irin wannan gayyata ba yau za ta ƙare ba.

Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya shigo shagona da irin maganarka shi ne, ƙananan kaya ba sa rufa wa mutum asiri yadda manyan kaya ke yi. Kaftani ko ya ɗan fi ka, yalwarsa ado ce. Shat da wando kuwa, inci ɗaya in ya ƙaru ko ya ragu, daga ƙofa za a gani. Saboda haka awo ne gaba da komai, sai yadi, sai launi. Sunan kamfani shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba ya cikin lissafi. Na sha ganin mutum da rigar da kuɗinta ya kai albashin wani, kafaɗarta ta zubo masa har damtse, ga kuma wani da rigar gwanjo wadda tela ya rage masa daidai jikinsa, kowa na tambayar inda ya saya.

Ga shigar ranar a taƙaice: wandon kaki ruwan ƙasa ko ruwan toka, shat mai dogon hannu fara ko ruwan sararin samaniya, ka yi zanzaro, bel na fata ruwan ƙasa, takalmi sau-ciki na fata mai launi kusa da na bel ɗin. Maɓallin wuya a buɗe, na ƙasansa a rufe. Shi ke nan. In ka tsaya a nan ma ka fita kunya. Sauran bayanin don ka san dalili ne, ka iya zaɓa da kanka.

Wando na fi so mu daɗe a kai, don a nan samarinmu suka fi faɗuwa. Kakin nan asalinsa kayan soja ne. Wani hafsan Ingila, Harry Lumsden, wanda ya kafa wata rundunar sojoji a Peshawar, a ƙasar Pakistan ta yau, a 1846, shi ake danganta wa fara sa wa sojoji tufafi masu launin ƙasa. Daga nan launin ya bazu a rundunonin duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka koma jami'o'i da wandunansu na kaki, ɗalibai suka ɗauka, har ya zama wandon yau da kullum na mai mutunci. Wannan tarihi shi ke gaya maka yadda ya kamata ya zauna a jiki: wandon aiki ne, an yanka shi don mutum ya zauna, ya tsuguna, ya yi tafiya. Wandon da ya ɗame cinya har ana ganin shatin wayarka da makullinka ya bar asalinsa. Ka tsunkulo yadin a cinyarka, in ba ka kamo kamar inci ɗaya ba, ya yi maka kaɗan. Ƙugunsa ya zauna kusa da cibiya, kuma ya tsaya ko babu bel. Mai zamowa ƙasan ƙugu yana gajarta ƙafa, ya turo tumbi gaba, sannan ga babbar matsalar da masu yanka shi a Turai ba su yi tunaninta ba: ka yi ruku'u ko sujada bayanka ya buɗe. Don haka duk wandon da za ka saya, ka gwada shi a tsaye, ka zauna da shi, ka kuma sunkuya. Tsawonsa ya taɓa saman takalmi kawai, kada ya taru a ƙafa ya yi ta ninkewa. A nan an yi dace, domin wanda yake son wandonsa ya tsaya wajen idon sawu saboda sunna bai saɓa wa tsarin masu wannan ado ba, ɗaliban Amurka na shekarun 1960 ma a ɗage suke sa nasu.

Jins kuwa kana da ɗaya, sai dai ban san irinsa ba. In mai yage-yage ne a gwiwa, ko wanda aka koɗar da cinyarsa ta yi fari, ka bar shi don zaman majalisa. Wanda ake shiga gidan abinci da shi shuɗi ne mai duhu, launi ɗaya daga sama har ƙasa, ƙafarsa a miƙe, babu zane a aljihu. Shi ma wandon leburori ne tun farko. Wani tela a jihar Nevada ta Amurka, Jacob Davis, shi ya yi dabarar dasa ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu don kada ya yage, suka yi rajistar dabarar tare da Levi Strauss na San Francisco a 1873. Launinsa na baba ne, wanda marinanmu irin na Ƙofar Mata suka sani tun kaka da kakanni, ko da yake yau kusan duk jins da baban masana'anta ake rina shi. Halin baba ka san shi, yana zuba. Sabon jins mai duhu zai ɓata maka farar riga da farin takalmi, har da kujerar mutane, don haka ka wanke shi shi kaɗai kafin sawar farko. Ka kuma lura da nauyinsa. Masu saƙa shi da oza, wato ma'aunin nauyin yadi, suke aunawa, mai oza 10 zuwa 12 shi ne daidai da ƙasarmu, mai 14 zuwa sama sai da sanyi. A gayyatar farko dai na fi so ka je da kaki, ka ga yadda sauran suka zo, sannan ka san ko jins yana da wuri a cikinsu.

Riga. Wadda ba ta taɓa ba ni kunya ita ce ta saƙar Oxford mai ƙananan maɓallai a bakin kwala. Labarin da kamfanin Brooks Brothers na New York yake bayarwa shi ne, jikan mai kamfanin ya ga 'yan wasan folo, wato ƙwallon doki, a Ingila a 1896 sun maƙale kwalarsu da maɓalli don kada iska ta riƙa kaɗa musu ita, ya koma gida ya sa aka yi irinta. Amfaninta gare ka shi ne kwalar tana tsayawa da kanta ko babu laktaye, ba ta bajewa ta kwanta a kafaɗa. Wajen awo wuri uku za ka duba. Ɗinkin kafaɗa ya sauka daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare. In ka rufe maɓallin wuya, yatsu biyu su shiga. Hannu ya tsaya a ƙashin wuyan hannu. Sannan ka zauna ka dubi cikinka, in tsakanin maɓallai yana wangalewa, ƙara lamba ɗaya ka kai wa tela ya rage gefe.

Maganar zanzaro tana rikita mutane, alhali rigar da kanta take faɗa. In ƙasanta mai lanƙwasa ne, gaba da baya sun fi gefe tsawo, an yi ta ne don a cusa cikin wando. In ƙasanta a miƙe yake kuma gajere, a waje ake barin ta. Hannu kuma in za ka naɗe, ninki biyu ko uku zuwa ƙasan gwiwar hannu ya isa. Ga mai alwala wannan ma wani dalili ne na barin riga mai ɗamammen hannu ko mai buƙatar links, wato maɓallan ƙarfe da ake maƙalawa a bakin hannu.

Folo, wato rigar nan mai kwala da maɓalli biyu ko uku, ɗan wasan tanis na Faransa René Lacoste ne ya fito da ita kasuwa a 1933, Fred Perry na Ingila ya biyo da tasa a 1952. Tana da kyau da rana, da ranar Juma'a a ofishin da ba a matsa ba, da fita shan iska ranar Asabar. Da dare a gidan abinci tana ƙasa da shat da mataki ɗaya. In za ka saya, ɗauki marar zane, mai ɗan ƙaramin tambari ko marar shi, hannunta ya tsaya tsakiyar damtse. Masu ƙaton doki ko ƙatuwar lamba a ƙirji ka bar wa yara.

Yanzu yadi, wanda shi ne inda shawarar Turawa ba ta yi mana aiki yadda take. Su da sanyi suke lissafi, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, Abuja ma ga zafi ga gumi. Roba, wato foliyesta, ita ce abokiyar gabarka: ba ta shan gumi, tana riƙe wari, tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Nemi auduga zalla ko lilin. Ka juya rigar ka karanta ɗan ƙyallen da ke ɗinkin gefe ta ciki, can ake rubuta abin da aka saƙa ta da shi. In yadi za ka yanka a Kantin Kwari ka kai ɗinki, roƙi ɗan zare ka kunna masa ashana. Auduga da lilin suna ci da wuta, su yi warin takarda, su bar toka mai laushi. Roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Oxford ɗin da na yaba yana da ɗan kauri, ya fi daɗi a ofis mai na'urar sanyi da lokacin hunturu. Da bazara faflin, wato yadin auduga marar kauri, ko lilin ya fi. Lilin yana yamutsewa, minti kaɗan bayan ka zauna za ka gani, kuma wannan ba aibi ba ne a wurin waɗanda suka san shi. In yamutsewar tana damunka, akwai wanda aka gauraya lilin da auduga. Ka sa singileti a ciki, amma mai wuyan da ba zai leƙo ta buɗaɗɗen maɓalli ba. Ƙarƙashin farar shat, ruwan toka ya fi fari ɓoyuwa a fatarmu.

Launi ba sai na ja ba. Fari, shuɗi mai haske, shuɗi mai duhu, ruwan toka, ruwan ƙasa, koren soja. Duk biyun da ka ɗauka a cikin waɗannan za su zauna tare. Abu ɗaya mai zane ya isa a jiki.

Takalmi shi ne inda zan ce ka saki kuɗi, in akwai. Ƙafa biyu sun ishe ka farawa. Na farko sau-ciki marar igiya, irin wanda kamfanin Bass na Amurka ya fitar a 1936 bisa samfurin wani takalmin mutanen Norway. Ya dace da kaki, ya dace da jins, ya dace da kaftani, kuma a ƙofar masallaci ba ka tsaya kwance igiya ba. Ruwan ƙasa mai duhu ya fi baƙi shiga ƙananan kaya. Na biyu, in kana so, shi ne takalmin hamada na Clarks, mai kaiwa idon sawu da ramin igiya biyu, wanda ya shiga kasuwa a 1950. Nathan Clark, ɗan gidan masu kamfanin, ya gan shi ne a ƙafar hafsoshin Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su kuma a kasuwar Alƙahira aka ɗinka musu. Takalmi ne da aka yi don ƙura, shi ya sa mai launin yashi yake jure hunturunmu fiye da baƙin takalmi mai sheƙi da ke yin furu-furu kafin ka kai bakin titi. Fatarsa irin mai laushin nan ce da ake kira suwed, ba a shafa mata mai, buroshi kawai take so, kuma ba ta son damina.

Wajen saye ka juya takalmin ka dubi ƙasansa. Wanda aka ɗinke tafinsa, musamman ɗinkin da ake kira Goodyear wanda masana'antun Northampton a Ingila suka shahara da shi, in ya cinye mai gyaran takalmi zai sake masa wani. Wanda aka liƙa da gam kawai, zafin kwalta yana ɓamɓare shi. Sannan ka leƙa cikinsa, don wannan ya shafe mu: wasu kamfanoni da fatar alade suke yin shafin ciki. Ana gane ta da ƙananan huji da suka taru uku-uku. In ka gani, ka san abin da za ka yi. Kada kuma ka raina na gida. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma har yau akwai dukawa a Kano da za su yi maka sau-ciki mai kyau in ka kai musu samfuri ka tsaya a kansu. Sabon takalmi kada ka fara sa shi ranar gayyata, ka tattaka shi a gida kwana biyu. Safa mai duhu, mai tsawon da in ka harɗe ƙafa ƙwaurinka ba zai fito ba. Farar safa ta filin ƙwallo ce. Farin kambas marar ado yana shiga da jins in yana da tsabta, silifas kuwa ko na nawa ne ba ya zuwa wannan wuri.

Kwat ɗaya shuɗi mai duhu, marar kauri a kafaɗa, marar shafi a baya, zai yi maka amfani nan gaba, amma ba na gaggawa ba ne. In ka saya, ka cire ɗan tambarin da ke ɗinke a bakin hannu, ka warware zaren da ya kama tsagar baya, maɓallin ƙasa kuma ba a rufe shi. Kada ka raba kwat ɗin da ya zo da wandonsa ka sa saman da jins, ana ganewa. Agogo ɗaya mai sauƙi ya wadatar. Hular hana-salla ka bar ta a mota.

Ina za a samu duk wannan ba tare da albashin farko ya tafi ba? Ni ba na jin kunyar cewa gwanjo. Shat ta asali da aka ɗan sa ta fi sabuwar jabu mai babban suna, a yadi da a ɗinki. Je Ƙofar Wambai ko inda ake buɗe dila a garinku, ka ƙulla da mai kaya ya riƙa kiranka ranar buɗewa. Tafi da tef a aljihu, bayan ka auna faɗin kafaɗa da ƙirjin wata riga da ta yi maka daidai, don lambar da ke wuyan riga ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Duba bayan kwala, da hammata, da bakin hannu, a wando kuma tsakanin cinyoyi da zif. Tela zai iya rage tsawo, ya rage gefen riga, ya tsuke ƙafar wando, ya rage ƙugu da kamar inci biyu. Abin da ba zai iya ba shi ne gyara kafaɗa, da ƙara yadin da babu. Kuma ba kowane gwanin kaftani ne gwanin shat ba, kwala da hannu wani fanni ne daban, ka nemi wanda aikinsa ke nan. Ga abin da za ka fara da shi: wando biyu, jins ɗaya, shat uku, folo ɗaya ko biyu, takalmi biyu, bel ɗaya. Ka saya a hankali, wata bayan wata.

Saura teburin da kansa. Turarenmu yana da ƙarfi, kuma wanda ke gefenka yana son jin ƙamshin abincinsa, fesa ɗaya ko biyu ya isa. Da ka zauna ka shimfiɗa adikon a cinya. Cokali mai yatsu a hagu suke jera shi, wuƙa a dama, in suna da yawa a fara da na waje. Mai son ci da dama ya yanka namansa, ya ajiye wuƙa, ya mayar da cokalin hannun dama. Amurkawa ma haka suke yi, babu mai kallonka. Farantin burodinka na hagu ne, kofinka na dama. Ranar da ka sa farar riga ba ranar doguwar taliya da jar miya ba ce, ba kuma ranar miyar manja ba. Gasasshen kifi, ko kaza da shinkafa, ko nama da dankali sun fi sauƙin sarrafawa kana hira. In nama ka zaɓa za a tambaye ka yadda za a gasa, in ba ka son ganin ja a ciki ka ce a gasa sosai. Ka tambayi mai kawo abinci a hankali game da alade da giya, domin a girkin Italiya taliyar kabonara da naman alade ake yin ta a asali, shinkafar risoto galibi ana zuba mata farar giya, tiramisu, wani kayan zaƙi nasu, ma sau da yawa ana sa masa giya. Ko Chapman ɗinmu na Najeriya, wasu suna ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci da ake kira Angostura, wanda yake da barasa, sai ka ce a yi maka babu shi. In ka gama ka haɗa wuƙa da cokali wuri ɗaya a kan faranti. Kuɗi kuwa, in ofis ne ya gayyata shi zai biya, in abokai ne suka haɗu kada ka yi mamaki in aka ce kowa ya biya nasa, ka je da shirinka.

In miya ta ɗiga maka, kada ka goga, ka danna wurin da adiko da ɗan ruwan sanyi, in ka koma gida ka sa sabulun wanke-wanke a kan maiƙon kafin wanki. Sannan ka zauna da mai wanki da gugarka ku yi magana, don hannunsa ya saba da shadda. Ka ce masa ban da sitati a Oxford da folo, ban da buroshi mai ƙarfi a kwala, ban da bula a rigar da ba fara ba. Jins a juya shi ciki-waje a wanke, a shanya a inuwa, kada a fitar masa da kari a gaba. Wando mai duhu ta ciki ake goge shi ko a ɗora ƙyalle a kai, in ba haka ba dutsen guga zai bar masa sheƙin da ba ya fita. Lilin kuma da ɗan danshinsa ake goge shi, sannan a rataye, kada a ninke.